Kunyar Suruki da Hannun Mai Zogale

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. Maƙwabciyata ce, wadda ta koyar a lekol har ta huta, take zaune da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. In kuka ya tsayar da ni sai ta aje alƙalamin ta jira. Maigidana ya rasu ƴan shekarun nan, kuma ban daina kukansa ba, ba na ma ɓoyewa. Amma ba rashinsa kaɗai ke sa ni kuka ba. Akwai kunyar da gidanmu ya kwasa kafin ya tafi, ita ce ta sa har yau akwai layin da ba na bi a kasuwar Maraɗi.

Maigidana maharbi ne ɗan maharbi. A Tsibiri aka haife shi, can aka kai ni ɗakinsa. Da gonaki suka cinye daji, farauta ta koma ta zomo da zabi, daga baya ta koma labarin da ake ba yara. Muka dawo Maraɗi, unguwar Zariya, inda ya sami ɗan fili ya gina, gonarsa kuwa tana can Tsibiri yana zuwa yana dawowa. Abin da ya rage masa na sana'ar ubansa shi ne buga bindiga a biki. In an yi aure ko suna a gidan maharba, ko wani ya dawo daga Makka, sai a aiko masa. Ya je ya buga albarushi sama, hayaƙi ya tashi, mata su yi guɗa, ya dawo gida da goro yana tafiyar saurayi.

Bindigoginsa biyu ne, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki. Maƙeri ɗaya ya ƙera su, tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, kuma irinsu ba a buɗe su a ga abin da ke ciki. Ɗaya ta biki ce, albarushi da tsumma kaɗai ake sa mata. Ɗaya ta gona ce, saboda birai da ɓarayin dami, ita kuwa kullum cike take da albarushi da tsumma da ƴan ƙwallayen ƙarfe na keke, domin ya gada daga ubansa cewa bindigar maharbi ba ta kwana da yunwa. Ya naɗa wa ta bikin jar fata a wuya, ta gonar baƙar fata. Shekaru da gumin hannu da hayaƙin ɗaki suka sa jar ta yi duhu, sai ka kai su rana ka ƙura ido kafin ka raba su. Shi bai damu ba, kowace da ƙusarta a bango, ta biki a dama, ta gona a hagu. Kuma yana da ƙarfen ɗuri, wani dogon siririn ƙarfe da ake danna albarushi da shi. Kafin ya fita da bindiga sai ya zura ƙarfen a bakinta, ya auna abin da ya rage waje da yatsunsa. Ɗurin biki yatsa biyu, ɗurin gona yatsa huɗu. Na ga yana yin haka tun ina amarya.

Sai farar yana ta fara rufe masa ido. Bai faɗa ba. Ni na gane ranar da na aje masa fura ya miƙa hannu gefen ƙwaryar yana lalube. Ɗiyarmu ma ta gane. Babu wanda ya ɗaga maganar, domin da ido ake sanin maharbi. Muka koyi aje masa kaya inda ya saba, muna yi kamar ba mu lura ba.

Ɗiyar nan ita kaɗai ta rayu cikin waɗanda na haifa. Ta auri wani yaro mai shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki kusa da tasha. Daga baya shi da abokansa suka fara shirya fim, irin wanda ake kallo a salula, shi ke tsara labarin, shi ke ba da umarni, wani lokaci ya fito a ciki. Mutane suna cewa sana'ar ƴan iska ce. Ni dai ban ga iskanci a wurinsa ba. Ban taɓa ganin suruki mai kunya irinsa ba. Tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa, ya gaishe mu kamar mai raɗa. Bai taɓa shan ko ruwa a gabanmu ba. In ya hango maigidana a hanya yana kan moto, sai ya kashe ya sauka ya tura. Maigidana yana alfahari da wannan. Yakan ce wa abokansa, "Surukina ko ƙwayar idona bai sani ba." Mata kuwa suna yi mini barka, suna cewa na yi sa'a.

Wata shekara bayan an gama kaka suka tsara fim a kan mai lambu da ɓarawo ya addabe shi. Da bindigar katako suka saba aiki, a shafa mata baƙin fenti, daga baya a sa mata ƙara a inji. Wannan karon suna son a ga hayaƙi na gaske. Surukina ba zai iya buɗe baki ya roƙi maigidana ba, sai ya turo abokinsa mai riƙe kamera da ƙullin goro. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji su a zaure.

Mai kamera ya ce, "Baba, an ce duk Maraɗi da Tsibiri babu mai sa bindiga ta yi magana kamarka."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya ce."

"Kowa ba shi da gida. Ka ce dai surukina ya aiko ka, shi kuma yana laɓe bayan katanga yana cin farce."

Suka yi dariya. Maigidana ya yarda, amma da sharaɗi. Shi zai ɗura da hannunsa, albarushi kaɗan da tsumma, kuma a tsaya nesa. Har ya ɗauko ƙarfen ɗurin ya nuna wa mai kamera yadda ake aunawa, ya ce, "Biyu biki, huɗu gona. Ka faɗa wa abokinka." Ya faɗa masa kuwa. Ɗiyata ta gaya mini daga baya cewa mijinta ya tara mutanensa ya ce babu wanda zai nuna wa kowa bindigar nan sai an auna ta a gaban jama'a.

Ana gobe za a tafi, maigidana ya ɗura ta bikin da safe, ya rataye ta a ƙusarta ta dama, ya tafi Tsibiri gaisuwar mutuwa. A ranar ƴan fim suka zo gidanmu, domin sun roƙi a ba su ɗakinsa su ɗauki wani yanki, saboda fatu da layu da ƙahonin da ke bango. Ina madafa, ban ga abin da suka yi ba. Ashe sun sauke bindigogin biyu don su kafa fitilarsu, da suka gama wani ya mayar da su. A wurinsa bindiga bindiga ce. Ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama.

Da safe mota ta zo tana ta oda a ƙofar gida. Ina tsaye bakin ɗaki da buta a hannu, na ga maigidana ya miƙa hannu dama ya sauko da bindiga. Ya ɗauki ƙarfen ɗurin, ya ɗan tsaya, aka sake danna oda, sai ya ce, "Ai jiya na ɗura ta," ya fita. A zaure surukina ya durƙusa ya karɓi jakarsa da ƙarfen don ya ɗaukar masa. Bindigar kuwa maigidana bai ba kowa ba, a kan cinyarsa ta yi tafiya har Jiratawa. Ni da ɗiyata muna bayan motar da tukwane, don mu za mu dafa wa mutanen abinci.

A lambun wani mutumin Jiratawa za a yi aikin. Zogale yake nomawa, da albasa da tumatir, yana da mata da ƙananan yara, uwarsa ma tana hannunsa. Mutum ne mai barkwanci, duk inda ya tsaya sai an yi dariya. Shi ya nace sai ya fito a ɓarawon, ya ce babu wanda ya san yadda ɓarayi ke tsallake shingensa kamar shi. Tun da muka sauka ya mai da ni abokiyar wasa. Ya kawo mini zogale cike da kwando, ya ce, "Inna matata, ga sadakinki. Ki bar tsohon nan da bindigarsa, ki dawo inda ake cin ganye da mai."

Na ce, "Miji da zai fito a ɓarawo? Allah ya tsare ni."

Ya ce, "Ɓarawon da ya sato ki ai ya yi arziki."

Da rana ta ɗan yi sanyi aka shirya. Mutanen gari sun cika bakin shinge, yara a kan itatuwa. Surukina ne zai fito a mai lambun, shi zai yi harbin. Mai zogale zai tsallake shinge da buhu a kafaɗa ya ruga, a harba, ya faɗi. Wani tsoho cikin ƴan kallo ya gane maigidana, ya fara yi masa kirarin maharba, yana kiran ubansa da kakansa. Na ga ƙirjin maigidana ya buɗe. Ya daɗe bai ji wannan ba. Ya miƙe, ya ɗaga bindigar sama, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Da hannuna na ɗura ta. Albarushi ne da tsumma, ko kaza ba za ta kashe ba."

Ya miƙa wa surukina. Ƙarfen ɗurin yana hannun surukina na dama. Amma ba a karɓar abu daga hannun suruki da hannu ɗaya. Sai ya aje ƙarfen a ƙasa, ya durƙusa, ya karɓi bindigar da hannu biyu, kansa a sunkuye.

Na kawo ruwan sha a lokacin, ina kusa da su. Na ji mai kamera ya matso ya ce masa a hankali, "Ƙarfen fa?"

Surukina ya dubi ƙarfen a ƙasa. Ya dubi ƙafafun maigidana. Ya ce, "Baba ya ɗura."

Na ji daɗi a raina da na ji haka. Na ce yaron nan ɗan halak ne, ba zai gwada aikin surukinsa a gaban mutane ba. Da ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen nan, da ni ce ta farko da za ta ji haushinsa. Duk waɗanda ke wurin haka muke.

An shirya surukina zai karkatar da bakin bindigar gefe. Mai kamera ya ce ya ɗan matso da ita kaɗan, don kada masu kallo su gane. Mai zogale ya tsallake shinge, ya ruga yana waiwaye yana zare ido, mutane na dariya. Aka harba.

Kafin hayaƙin ya washe na ji maigidana ya ce, "Wannan ba muryarta ba ce."

Mai zogale ya faɗi, jama'a suka ɗauki tafi, yara na ihu wai ya iya faɗuwa. Yana birgima yana kiran uwarsa, ana ƙara tafi. Sai da matarsa ta ga jini ya jiƙa buhun ta kurma ihu, sannan wurin ya rikice. A motar da ke ɗaukar kayan lambu aka kai shi gidan likita a Maraɗi. Ƙwallayen sun farfasa masa hannun dama. Aka yi ta fama, daga ƙarshe aka yanke shi daga saman gwiwar hannu.

Jandarmomi suka zo. Surukina bai bari sun kai ga maigidana ba. Ya ce shi ya harba, aikin nasa ne, kuma shi ya shiga ɗakin da safe ya sauko da bindigar ya miƙa wa dattijo, bai san ya ɗauko ta gona ba. Ya ce dattijo ya ɗura tasa daidai, ya kuma aiko masa da yadda ake aunawa, shi ne bai auna ba. Rabin maganar gaskiya ce. Amma shiga ɗaki da saukowa da bindiga, wannan ƙarya ya yi don ya rufa wa surukinsa asiri. Suka tambayi maigidana ko haka ne. Ya yi shiru, suka ɗauki shirun a matsayin i. Suka tafi da surukina da bindigar.

Gari ya ɗauka. A bakin famfo, a wajen niƙa, a gidan suna, magana ɗaya ce: ƴan fim sun nakasa bawan Allah, sun kuma ɓata sunan tsohon maharbi. Har cewa ake abin da ake gudu ke nan in ka ba ɗan wasa ɗiyarka. Abokan maigidana suka riƙa zuwa daga Tsibiri suna yi masa jaje, suna cewa, "Kai da ba ka taɓa kuskure ba, yaran zamani suka ja maka." Yana zaune a zaure yana amsawa, yana cewa ƙaddara ce. Ni ke kai musu ruwa. Duk lokacin da na durƙusa na aje kwano sai in ji kamar a tsirara nake.

Aka rufe shagon surukina. Ɗiyata ta kwaso yaranta ta dawo gidanmu, don babu mai ciyar da su. Ta san wanda ya sauko da bindigar, tana tsakar gida ranar tana ɗaura tukwane. Ba ta tona ba. Ita ke dafa abinci ta kai wa mijinta a gidan kaso, ta dawo ta durƙusa ta aje wa ubanta nasa, ta matsar da kwanon daidai inda hannunsa zai sauka. Na fi son a ce ta zage mu. Mutane suka ce in shari'a ta zo a haka, shi kaɗai zai ɗauki laifin, kuma zai daɗe a ciki.

Sau ɗaya na yi wa maigidana magana. Da hantsi ne, ɗiyar ta tafi kai abinci, yaran suna makarantar allo.

Na ce, "Malam, kai ka sauko da ita."

Ya ce, "Wa ya tambaye ki?"

"Babu. Amma ina bakin ƙofa da buta."

"In na faɗa, hannun zai dawo?"

"Hannu ba zai dawo ba. Mijin ɗiyarka zai dawo."

Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce, "In tsaya gaban jandarma in ce maharbi ya riƙe bindigarsa tun daga Maraɗi har Jiratawa bai san wadda ya riƙe ba? In ce musu makaho ne ya yi wa mutane alkawari?"

Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba sai ranar. Na tashi na bar shi. Muka ci gaba da zama a haka har sanyi ya wuce, zafi ya shigo.

Sai aka saki surukina ya jira ranar shari'a a gida, bayan wani kawunsa ya tsaya masa. Bai fara zuwa gidan uwarsa ba, gidanmu ya fara zuwa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigar ta yi masa yawa. Ya tuɓe takalmi a inda ya saba, ya durƙusa a inda ya saba. Maigidana yana kan tabarma a tsakar gida, ni da ɗiyata muna bakin madafa.

Surukina ya ce, "Baba, na ɓata maka suna. Na jawo wa bindigarka abin da ba ta taɓa yi ba. Ka gafarce ni."

Ɗiyata ta toshe bakinta da gefen zane. Maigidana ya ce, "Ɗago kanka."

Surukina ya ƙara sunkuyawa.

"Na ce ka dube ni."

"Baba, ba na iyawa."

"Ka iya kwana a kaso saboda ni, ba ka iya dubana? Matso. Dubi idon nan."

Ya ja gwiwa ya matso. Ya ɗago a hankali, kamar wanda aka ɗora wa dutse a ƙeya. Na ga lokacin da ya ga farar yanar da ta rufe idanun, na ga bakinsa ya buɗe.

Maigidana ya ce, "Tun kafin a haifi ɗanka na biyu ba na raba ja da baƙi. Kullum kana shigowa gidan nan, ƙafata kaɗai ka sani. Ni kuma ina yawo ina yabonka da shi. Da ka taɓa dubana sau ɗaya, da ba ka karɓi bindiga daga hannuna ba ka auna ba. Da ni kuma na faɗa da bakina, da ba a kai ga haka ba." Sai ya juyo wajen da yake jin numfashina ya ce, "Ke, miƙo mini babbar rigata. Za ki kai ni Jiratawa."

Ranar ya fara yarda a ja shi. Ya dafa kafaɗata muka fita, muka bi ta gaban masu shayi da ƴan kabu-kabu har inda ake shiga mota, duk unguwa na kallo. Tun da aka yi abin ban taka Jiratawa ba, sai dai in aika da gaisuwa.

Muka sami mai zogale a gindin bishiya a ƙofar gidansa, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke shi da allura. Da ya gan mu, ya ce, "A'a, Inna matata, sai yau? Na ɗauka kin ji miji ya zama rabi kin gudu." Ya yi dariya, amma ba irin ta da ba. Matarsa ta leƙo ta koma, ba ta kawo ruwa ba. Uwarsa ta fito ta zauna a kan turmi.

Maigidana ya zauna a ƙasa, ya ƙi tabarma. Ya faɗi komai, tun daga idonsa har odar mota, har kirarin da ya shiga kansa. Ya ce shi ya sauko da bindigar, shi ya ce ko kaza ba za ta kashe ba.

Mai zogale ya ce, "To Baba, kazar dai ba ta mutu ba, fiffike ta rasa." Ya dubi wajen lambunsa. Ya ce, "Na yafe don Allah, don ina son a yafe mini. Amma kada ku jira in ce babu komai. Akwai komai. Ɗana ƙarami ne ke ɗaura mini wando."

Uwarsa ba ta dubi maigidana ba, ni ta duba. Ta ce, "An ce surukinku kunya ta hana shi aunawa. Madalla da tarbiyya. Amma kunyar gidanku ce. Me ya kawo ta jikin ɗana?"

Har yau da nake faɗar wannan, tambayar nan tana bina.

Ranar shari'a ni na ja shi har gaban alƙali. Ya maimaita abin da ya faɗa a Jiratawa, bai rage ba. Alƙali ya yi wa surukina faɗa a kan ƙaryar da ya yi, ya ce kuma ko wa ya ɗura, wanda ya ɗaga bindiga ya nuna wa mutum ba ya fita daga laifi. Ya yi wa mai kamera nasa faɗan. Ya ce wa maigidana shi ne ya fi kowa sanin abin da bindiga ke yi, don haka nasa kason ya fi nauyi, tsufa da rashin ido ne kaɗai suka sa ba za a rufe shi ba. Aka bar surukina da zaman da ya riga ya yi, bai koma kaso ba. Aka karɓe bindigogin biyu. Amfanin gonarmu ta Tsibiri kuwa, tun daga shekarar gidan mai zogale ake kai shi, maigidana ya faɗi haka da bakinsa kafin a tambaye shi.

Ɗiyata ta koma ɗakinta da yaranta. Shagon ya buɗe. Amma zaurenmu ya mutu. Abokan da ke zuwa jaje suka ɗauke ƙafa, wasu suka ce ya tozarta maharba a gaban hukuma, wasu kuma kunyar abin da suka faɗa a kan surukina ce ta hana su. Ba a sake aiko masa biki ba. Yakan zauna a ɗaki yana fuskantar bango inda ƙusoshin nan biyu suke, ko da yake ba ya ganinsu. Surukina ya so ya kai shi a cire masa yanar, ya ƙi, ya ce ya ga abin da zai gani. Bai cika shekara biyu ba ya rasu, da damina, bayan zazzaɓin ƴan kwanaki. Mai zogale ya zo jana'iza. An ce mini ya sa kafaɗarsa ta hagu a makara.

Yanzu yana da rumfa a kasuwa, a layin masu ganye. Yaransa ke yin lambun, shi yana sayarwa, yana ƙulla leda da hannu ɗaya da haƙori. In ya hango ni daga nesa sai ya ɗaga murya, "Inna matata, yau ma gudu?" Ni kuwa sai in ja mayafi in karkata ta layin masu atamfa, ko da ba abin da zan saya a can. Wani lokaci yakan ba ɗiyata zogale ta kawo mini. Ina dafawa, in kwaɗa da ƙuli, in raba wa yaran maƙwabta. Ban iya kai shi bakina ba.

Surukina ya koma yin fim, da bindigar katako. Duk Juma'a yana zuwa gaishe ni. Har yanzu a zaure yake tuɓe takalmi, har yanzu yana durƙusawa, amma tun ranar da maigidana ya ce ya dube shi, in yana gaishe ni sai ya ɗago ya dubi fuskata, ya tambaye ni ko ina gani sosai, ko ƙafar ta yi sauƙi. Ni ce yanzu nake sunkuyar da kai, in amsa masa ina kallon tabarma.